Fitar da tsakuwar ƙoda da magani ba tare da tiyata ba: tambayoyi da amsoshi

Ciwon tsakuwa yakan taso daga kwiɓi ya gangaro mara, ya hana zama ya hana kwanciya, sau da yawa har da amai. Da an yi hoto an tabbatar tsakuwa ce, abin da majinyaci ke fara tambaya shi ne ko akwai maganin da zai sha ta fita ba sai an kai ga aiki ba. Akwai. Sai dai ba kowace tsakuwa yake yi wa amfani ba, kuma yana da wa'adin da ba a wucewa.

Wane magani ne ake bayarwa, kuma me yake yi wa tsakuwar?

Wanda aka fi bayarwa shi ne tamsulosin, kafso ɗaya mai miligiram 0.4 a rana. Yana da 'yan'uwa da ke aiki iri ɗaya: silodosin mai miligiram 8, alfuzosin mai miligiram 10, da doksazosin. An fi saninsu ne a matsayin maganin maza masu kumburin furostet (ƙullutun da ke ƙasan mafitsarar namiji) da fitsari ke yi wa wuyar fita, daga baya likitoci suka ga suna taimakawa wajen saukar da tsakuwa.

Maganin ba ya taɓa tsakuwar kanta, ba ya narkar da ita, ba ya rage mata girma. Hanyar da za ta bi yake sassautawa. Tsakanin kowace ƙoda da mafitsara akwai siririn bututu mai tsawon santimita 25 zuwa 30, faɗin cikinsa kuwa milimita 3 zuwa 4 ne kacal, kusan kamar bututun tawadar biro. Bangonsa tsoka ce da ke matsawa tana saki tana tura fitsari ƙasa. Idan tsakuwa ta maƙale, tsokar sai ta damƙe ta, bangon ya kumbura a wurin, fitsari ya taru a bayanta har ƙodar ta cika. Wannan cikar ita ce ke kawo azabar da ake ji. Tamsulosin yana sa tsokar ta saki, musamman a ƙarshen bututun kusa da mafitsara, domin nan ne wuraren da maganin ke kamawa suka fi yawa. Da ta saki, fitsarin da ke bayan tsakuwar sai ya sami damar tura ta.

Wace irin tsakuwa ce ta dace da wannan hanya?

Abu biyu ake dubawa, girma da wurin da ta tsaya.

Tsakuwar da ba ta kai milimita 5 ba, wato kamar ƙwayar gero zuwa ta dawa, mafi yawan lokaci da kanta take fita ko an sha magani ko ba a sha ba. Daga milimita 5 zuwa 10, kamar ƙwayar waken soya zuwa ta wake, kusan rabi ne ke fita da kansu, kuma a nan ne maganin ya fi nuna amfaninsa. Wadda ta haura milimita 10 da wuya ta wuce, jiranta ɓata lokaci ne da ƙodar ba ta da shi.

Ta fuskar wuri kuma, bututun yana da matsatsi uku: inda ya fita daga ƙoda, inda ya ƙetare manyan jijiyoyin jini na ƙugu, da inda ya shiga bangon mafitsara. Na ƙarshen ya fi duka matsi, kuma nan tsakuwa ta fi maƙalewa. Tsakuwar da ta riga ta sauko ƙasa ta cinye mafi yawan tafiyarta, ga shi kuma a nan maganin ya fi ƙarfi. Wadda ke can sama kusa da ƙoda ba ta cika jin maganin ba. Wadda kuwa ke zaune cikin ƙodar ba ta shigo bututu ba tukuna, tamsulosin ba zai fito da ita ba, ko an shekara ana sha.

Bayan waɗannan biyun akwai sharuɗɗan lafiyar mai ita. Dole ya kasance babu zazzaɓi, babu alamar ƙwayoyin cuta a fitsari, gwajin jini ya nuna ƙoda na aiki daidai, ciwon yana lafawa da ƙwayoyin sha, kuma mutum zai iya dawowa asibiti a duba shi. Mai ƙoda ɗaya, ko wanda tsakuwa ta toshe masa ɓangarorin biyu lokaci guda, ba a barinsa ya je gida ya jira sai da kulawa ta kusa daga likitan mafitsara.

Da gaske yana aiki? Wasu likitocin suna bayarwa, wasu ba sa bayarwa.

Saɓanin yana da tushe. A 2015 an buga sakamakon wani babban gwaji da aka yi a asibitoci 24 na Birtaniya kan mutum 1,167. An raba su uku: wasu aka ba su tamsulosin, wasu nifedifin, wani maganin hawan jini, wasu kuma kafson da babu magani a ciki. Bayan mako 4, kusan kashi 80 cikin 100 na kowane rukuni ba su buƙaci wani aiki ba. Wato babu bambanci. Sai dai kusan kashi uku cikin huɗu na mutanen nan tsakuwarsu ba ta wuce milimita 5 ba, irin waɗanda dama za su fita.

A 2018 aka fitar da wani gwajin daga China kan mutum sama da 3,000 masu tsakuwa a ƙarshen bututu. Kashi 86 cikin 100 na masu shan tamsulosin sun fitar da tasu, a kan kashi 79 na waɗanda ba su sha ba, kuma ribar ta fito ne a wajen masu tsakuwar da ta haura milimita 5. Ƙungiyar likitocin mafitsara ta Turai ma tana ba da shawarar maganin ga tsakuwar ƙasan bututu da ta wuce milimita 5, ta Amurka kuma tana cewa a ba masu tsakuwar ƙasan bututu da ba ta wuce milimita 10 ba.

A ganinmu wannan ya isa a tsaya a kai. Taimako ne matsakaici ga wanda ya dace, mai arha, mai sauƙin illa. Likitan da ya ƙi ba mai tsakuwar milimita 3 bai yi kuskure ba. Nifedifin kuwa an fi barinsa yanzu, domin bai kai tamsulosin ba.

Zan iya saye a kemis in fara sha ba tare da hoto ba?

A'a. Ba tare da hoto ba babu wanda ya san girmanta ko inda take, kuma duk shawarar a kan su ta rataya. Ƙari a kan haka, ba kowane ciwon kwiɓi ne tsakuwa ba. Afendis, cikin da ya zauna a wajen mahaifa, murɗewar ƙwan mace, da ƙwayoyin cuta a ƙoda duk suna iya yin kama da shi. Jini a fitsari ma haka: a yankunan da ake noman rani da wanka a kududdufi, tsargiya na cikin abubuwan da ake fara cirewa.

Hoton da ya fi nuna gaskiya shi ne siti-sikan wanda ba a yi wa mutum allurar rini ba. Yana ganin kusan kowace irin tsakuwa, ya auna ta, ya nuna inda ta tsaya. Inda babu shi ko kuɗinsa ya gagara, ana haɗa sikanin da eksire. Sikanin yana nuna kumburin ƙoda sosai, yana ganin tsakuwar da ke bakin ƙoda ko bakin mafitsara, amma tsakiyar bututu yakan ɓuya masa saboda iskar hanji, kuma yakan ƙara wa ƙananan tsakuwoyi girma a awo. A cika mafitsara da fitsari kafin a shiga, ya fi nuna ƙarshen bututun. Tare da hoton ana gwajin fitsari da gwajin jini na kiriyatinin, wanda ke nuna ƙarfin aikin ƙoda.

Yaya ake shan sa, kuma har tsawon wane lokaci?

Kafso ɗaya a rana, kimanin rabin awa bayan cin abinci, a lokaci guda kullum. A haɗiye shi ɗungurungum. Kada a buɗe shi ko a tauna, domin an yi shi ne ya riƙa sakin maganin a hankali, idan aka fasa sai ya shiga jini gaba ɗaya awon jini ya faɗi. Mutane da yawa sun fi jin daɗin sha bayan abincin dare, saboda jirin da yake sawa ya same su a kwance. Wanda ya manta har gari ya waye ya ci gaba da na ranar, kada ya haɗa biyu. Ƙara yawa ba ya ƙara saurin fita.

Ana sha har tsakuwar ta fita ko a cika mako 4. Wasu likitocin sukan ja zuwa mako 6 idan hoto ya nuna tana saukowa kuma ƙodar ba ta kumbura ba. Bayan nan an gama jira. Yawancin waɗanda za su fita cikin mako 2 na farko suke fita, shi ya sa ake so a koma wurin likita a daidai wannan lokacin.

Waɗanne illoli yake da su?

Wanda aka fi gani shi ne jiri, musamman idan an miƙe tsaye farat ɗaya, domin maganin yana ɗan sassauta jijiyoyin jini. Idan za ka tashi daga kwance ka fara zama a bakin gado na ɗan lokaci. Haka wajen ɗagowa daga sujada. Direba, mai tuƙa babur da mai hawa gini su ga yadda jikinsu ya karɓe shi kwana biyu kafin su koma aiki. Tsofaffi da masu shan maganin hawan jini sun fi kowa shiga haɗarin faɗuwa.

Na biyu shi ne wanda maza ba sa son faɗa amma yake tayar musu da hankali: maniyyi ya ragu ko ya ƙi fitowa lokacin saduwa. Wuyan mafitsara ne ya saki, sai maniyyin ya koma ciki ya fito tare da fitsari daga baya, ko kuma fitarsa ta ragu tun daga tushe. Ba ya cutarwa, ba ya kashe mazakuta, kuma yana komawa daidai bayan an daina sha. Silodosin ya fi tamsulosin jawo wannan. Akwai kuma toshewar hanci da ciwon kai marasa tsanani.

Abubuwa biyu ne muke so a riƙe da kyau. Wanda za a yi wa aikin yanar ido ya gaya wa likitan ido cewa yana shan tamsulosin ko ya taɓa sha, ko da ya daɗe da bari, domin yana sa baƙin ido ya yi laushi ya riƙa lilo lokacin aiki, likitan da ya sani tun farko yakan shirya masa. Sannan kada a haɗa shi da maganin ƙarfin maza irin su Viagra sai da sanin likita, har da haɗe-haɗen da ake sayarwa a kwalba da ba a san abin da ke ciki ba. Su biyun suna saukar da jini, haɗuwarsu na iya kai mutum ga suma.

Ni mace ce, kuma takardar cikin kwalin ta ce na maza ne. Kuskure aka yi?

Ba kuskure ba ne. Takardar tana maganar furostet ne domin a kansa aka yi wa maganin rajista. Bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda iri ɗaya ne a mace da namiji, kuma maganin yana aiki a kan duka biyun.

Idan kina da juna biyu magana ta canza. Kada ki sha sai likitan haihuwa da na mafitsara sun yarda, domin ba a gwada shi sosai a kan masu ciki ba. Hotonki na farko sikanin ne, maganin ciwonki farasitamol, kuma ki nisanci diklofenak da ibuprofen, musamman daga tsakiyar ciki zuwa haihuwa. Yara ma ana ba su, amma likitan da ya san nauyinsu ne ke yanke adadin.

Me zan sha idan ciwon ya taso?

Tamsulosin ba maganin ciwo ba ne, ko da yake yakan rage yawan tasowarsa. Abin da ya fi kwantar da ciwon tsakuwa shi ne dangin diklofenak da ibuprofen. Dalili kuwa, ƙodar da aka toshe tana fitar da wani sinadari da ke ƙara kwararar jini cikinta, fitsari ya ƙaru, matsi ya ƙaru. Waɗannan magunguna suna dakatar da sinadarin, matsin ya sauka, kumburin bangon bututun ma ya ragu. Ga babba mai lafiyar ƙoda, likita yakan rubuta diklofenak miligiram 50 sau 2 ko 3 a rana, ba a wuce 150 a yini, ko ibuprofen miligiram 400 sau 3, bayan abinci, na 'yan kwanaki. Idan amai ya hana sha akwai allurar diklofenak mai miligiram 75 da kuma na matsawa ta dubura.

Ɗaya ake zaɓa, ba a haɗa biyu. A nan mutane ke faɗawa rami, domin haɗin maganin ciwon jiki da ake ƙullawa a leda a kemis sau da yawa yana ɗauke da iri biyu ko uku na dangin nan. Mai gyambon ciki, mai raunin ƙoda, mai ciwon zuciya, mai shan maganin tsinka jini, da mai asmar da irin waɗannan ƙwayoyi ke tayar wa, duk ba nasu ba ne. Wanda ya kwana yana amai jikinsa ya bushe ma haka, sai an mayar masa da ruwa, domin a busasshen jiki suna iya durƙusar da ƙoda.

Farasitamol ana iya ƙarawa a kai ko a sha shi kaɗai: ƙwaya 2 masu miligiram 500 duk awa 6, ba a wuce 8 a yini. Buscopan da ake yawan bayarwa an gwada an ga ba ya ƙara wani abin kirki a ciwon tsakuwa. Masu ƙarfi irin su mofin na asibiti ne, idan na farko sun gaza. Tiramadol kada a saya da kai. Gorar ruwan ɗumi da aka naɗe da tawul aka ɗora a kwiɓi tana rage ciwon fiye da yadda ake zato.

An ce in yi ta ɗirkar ruwa ya wanke ta. Haka ne?

Lokacin da ciwo ya taso, ɗirkar ruwa ba ta tura tsakuwa. Hanya a toshe take, ruwan da aka ƙara sai ya bi ta ɗaya ƙodar, wanda ya shiga toshasshiyar kuma ya ƙara mata matsi, ga amai. Haka yawan ƙarin ruwa ta jijiya, haka kuma shan Lasix, ƙwayar da ke sa yawan fitsari, da niyyar koro ta, wanda ke iya busar da jiki.

Abin da ake so shi ne sha daidai gwargwado a rarrabe cikin yini, lita 2 da rabi zuwa 3, wato ledar fiya wata 5 zuwa 6, har fitsari ya zama fari-fari kamar ruwan lemun tsami da aka sirka. Mai aiki a rana lokacin bazara yana buƙatar fiye da haka. Mai ciwon zuciya ko raunin ƙoda ya bi adadin da likitansa ya yanka masa. Tafiya da zirga-zirgar yau da kullum ba su da laifi, sun fi kwanciya.

Ta yaya zan gane tana saukowa, ko ta fita?

Ciwon yakan bi ta. Tana sama, a kwiɓi da baya ake jin sa. Ta sauko tsakiya, ya dawo gefen ciki. Ta kusa mafitsara, sai ya koma mara da matsematsi, ya harba har maraina ko gaban mace, mutum ya riƙa jin fitsari kowane lokaci amma kaɗan ke fita, da zafi a kan gaba. Mutane kan ɗauka sanyi ne ya kama su a wannan gaɓar, alhali alama ce ta cewa ta iso ƙofar ƙarshe. Da ta faɗa mafitsara ciwon yakan yanke kwatsam. Mafitar waje ta fi bututun sama faɗi, don haka fitarta ba ta cika wahala ba sai ga mai kumburin furostet.

Tabbaci ɗaya ne, ka gan ta da idonka. Tun ranar farko ka riƙa fitsari a cikin roba ko gwangwani kana tacewa da matacin shayi da aka ware, ko kyallen tatar koko mai tsabta, har da fitsarin dare. Kada ka sa ran ganin dutse sosai. Sau da yawa 'yar aba ce kamar ƙwayar gero, ruwan ƙasa ko baƙi-baƙi, mai kaushi kamar tsakuwar da ake tsincewa a shinkafa. Ka ɗauraye ta da ruwa, ka bar ta ta bushe, ka sa a kwalba ko takarda ka kai wa likita. Idan an sami inda za a gwada ta, sanin irinta ne ke nuna yadda za a hana wata.

Ciwon ya daina gaba ɗaya amma ban ga ta fita ba. Shi ke nan na warke?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damunmu, domin a nan ake asarar ƙoda. Idan toshewa ta daɗe, ƙodar takan rage yin fitsari, matsin ya sauka, ciwon ya tafi, tsakuwar kuwa tana nan inda take. Ɗaya ƙodar tana ɗaukar aikin, fitsari na fita kamar kullum, gwajin jini ma yana iya nuna lafiya lau. A hankali naman toshasshiyar yana sirancewa. Toshewar da ta yi makonni tana barin lahani, wadda ta wuce mako 4 zuwa 6 lahaninta na iya zama na dindindin. Akwai waɗanda sai bayan shekaru ake yin sikanin don wani dalili a tarar ƙoda ɗaya ta zama jakar ruwa. Duk wanda bai ga tsakuwarsa ba ya koma a sake hoto, ko da yana jin garau.

Waɗanne alamu ne ke nufin in bar jira in tafi asibiti yanzu?

Zazzaɓi da rawar sanyi su ne kan gaba. Idan zafin jiki ya kai digiri 38 ga mai tsakuwa a bututu, a ɗauka fitsarin da ya taru a bayanta ya kamu da ƙwayoyin cuta har sai an tabbatar ba haka ba. Kada a tsaya shan maganin maleriya a gida ana jiran a ga hali. Ruɓaɓɓen fitsarin da ba shi da mafita yana shiga jini cikin awoyi, kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta shi kaɗai ba ya isa wurin sosai. Sai an buɗe masa hanya, ko dai a zura siririn tiyo ta mafitsara ya wuce gefen tsakuwar har ƙoda, ko a huda ta baya a sa tiyo kai tsaye cikin ƙodar. Tsakuwar kanta sai cutar ta lafa ake cire ta. Masu ciwon suga da tsofaffi ba lallai jikinsu ya yi zafi sosai ba, ruɗewa ko galabaita ta isa alama.

Sauran su ne ciwon da ya ƙi jin magani, aman da ya hana ruwa da ƙwaya zama, fitsari ya ɗauke ko ya ragu ƙwarai, fitsari mai guda-gudan jini ko wari da ruɓa, da suma.

To babu maganin da ke narkar da tsakuwa ke nan?

Iri ɗaya ce ke narkewa da maganin sha, wato tsakuwar yurik asid, wani sinadarin da jiki ke zubarwa ta fitsari, kuma kusan ɗaya ce cikin goma. Mafi rinjaye na kalsiyam ne, kuma babu ƙwaya, babu jiƙo, babu ruwan da ke narkar da su a cikin jiki.

Ta yurik asid tana samuwa ne idan fitsari ya cika tsami, awonsa ya sauka ƙasa da 5.5 (lambar tana sauka ne idan tsami ya ƙaru). An fi ganin ta a masu ƙiba, masu ciwon suga, masu ciwon gaɓoɓi na gawut, da masu yawan zawo. Alamarta ita ce a gan ta a sikanin ko siti-sikan amma ta ƙi fitowa a eksire. Maganinta fotasiyam sitiret ne, ko sodiyam baikabonet, sau 2 ko 3 a rana, domin a rage tsamin fitsarin. Ana ba majinyaci 'yar takardar gwaji da ke canza launi ya riƙa tsomawa a fitsari sau 3 a yini yana rubutawa, ana neman awo tsakanin 6.5 da 7.2. Idan bai kai ba, ba za ta narke ba. Idan ya zarce, wata irin tsakuwa ta kalsiyam za ta fara taruwa. Aikin yakan ɗauki makonni zuwa watanni, ana bi da hoto. Idan yurik asid ya yi yawa a jini ko fitsari ana ƙara alofurinol, maganin da ke rage shi. Ana iya haɗa wannan da tamsulosin idan tsakuwar tana ƙasan bututu.

Fotasiyam sitiret yana da haɗari ga mai raunin ƙoda da mai shan magungunan hawan jini irin su lisinofiril, losatan ko sifironolakton, domin fotasiyam na iya taruwa a jini ya rikita bugun zuciya. Sai da gwajin jini. Masu jiƙa kanwa su sha kuma su sani, gaskiya ne tana rage tsami, amma gishirin sodiyam ne da ba a san ƙarfinsa ba, kowane ɓari da nasa, ga ƙasa da datti. Sodiyam yana ƙara kalsiyam a fitsari yana kuma tayar da hawan jini. Ga mai tsakuwar kalsiyam tana iya ƙara ɓarna.

Lemun tsami da magungunan gargajiya fa?

Lemun tsami a ruwa yana da ɗan amfani wajen hana sabuwa taruwa, amma ba ya narkar da wadda ta riga ta ƙullu. Man zaitun da lemun kwalba ba sa yi mata komai. Game da jiƙe-jiƙe, a tuna cewa yawancin ƙananan tsakuwoyi da kansu suke fita, duk abin da aka sha a makon shi ke karɓar yabo. Damuwarmu ita ce ƙodar da ke toshe ba ta da juriyar haɗin da ba a san abin da ke ciki ba, sannan lokacin da ake ɓatawa daga cikin makonnin nan 4 ake cire shi. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ma ba a shan sa sai gwaji ya nuna akwai su.

Zan iya azumi ina kan wannan magani?

Shan kafson ba matsala, sau ɗaya ne, ana sha bayan buɗa-baki. Matsalar ita ce yini babu ruwa ga mai tsakuwa a bututu, ga diklofenak a busasshen jiki, ga jiri. Muna ba da shawarar mai tsakuwar da ba ta fita ba ya gaya wa likitansa tun kafin ya ɗauka, ya kuma tambayi malaminsa hukuncin rangwamen mara lafiya. Wanda tasa ta riga ta fita ya rarraba ruwansa daga magariba zuwa sahur, kada ya tara shi duka a zama ɗaya.

Wa'adi ya cika ba ta fita ba. Yanka ni za a yi?

Galibi a'a. Hanya ta farko ita ce a zura siririn madubi ta mafitar fitsari, ya bi mafitsara ya hau bututun, a farfasa tsakuwar da hasken leza ko wata na'urar bugu a kwaso ɓaraguzan. Babu yanka, ana yi da allurar barci ko ta kashe ƙasan jiki, kuma ita ta fi cin nasara a tsakuwar ƙasa. Ta biyu ita ce a farfasa ta daga waje da na'urar da ke aika bugu ta fata, sai ɓaraguzan su fita da fitsari. A nan ma ana ba da tamsulosin ya taimaka musu fita. Manyan tsakuwoyin cikin ƙoda da suka haura santimita 2 ana cire su ta ƙaramar huda a baya. Tiyatar buɗe ciki tana nan inda babu waɗannan na'urori, don haka a tambaya a sashen mafitsara na asibitin koyarwa mafi kusa, kamar na Kano, Zariya, Sakkwato ko Maiduguri, me suke da shi kafin a yanke shawara.

Idan an bar maka tiyo a ciki bayan aiki, ka rubuta ranar cire shi. Yakan sa yawan fitsari, ɗan jini da ciwon kwiɓi lokacin fitsari, tamsulosin yana rage wannan. Tiyon da aka manta watanni yakan tara tsakuwa a jikinsa har cire shi ya zama babban aiki.

Ta fita. Me zai hana wata?

Kusan rabin waɗanda suka yi sau ɗaya sukan sake cikin shekara 5 zuwa 10. Babban makami ruwa ne, a sha har fitsarin yini ya kai lita 2 da rabi, da kofi ɗaya kafin kwanciya. A rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano, domin gishiri ne ke janyo kalsiyam cikin fitsari. A daidaita nama, musamman kayan ciki, kilishi da tsire, ga mai tsakuwar yurik asid. Mai tsakuwar kalsiyam okzalet, wato wadda kalsiyam ya haɗu da okzalet, wani sinadarin da ke cikin wasu abinci, ya rage yawan alayyafo, gyaɗa da baƙin shayi mai kauri, ya bar ƙwayoyin bitamin C masu miligiram 1,000.

Nono da kindirmo kuwa kada a bari. Mutane kan ji an ce tsakuwar kalsiyam sai su yanke su, alhali kalsiyam ɗin abinci yana kama okzalet tun a hanji su fita tare ta bayan gida, rashinsa ne ke sa okzalet ya shiga jini ya sauka a ƙoda. Wanda ya yi tsakuwa fiye da sau ɗaya, ko tun yana yaro, ko a ƙodojin biyu, ya nemi a auna masa kalsiyam da yurik asid a jini, a kuma tara fitsarinsa na awa 24 a gwada.